Barau Mai Kwaɓa da Takalmin Aro

A Rijiyar Alkasim, wani ƙauye da ke gefen hanyar Guci in an baro Dungas, da wuya ka nuna bangon da Barau bai taka ƙasarsa ba. Shi ba magini ba ne, bai kuma taɓa cewa shi magini ne ba. Aikinsa kwaɓa. Magini ya nuna wuri, masu jakai su kwaso ƙasa daga bakin tabki, a zuba ruwa, a watsa ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa da kashin jaki, a bar ta ta kwana ta jiƙa. Da safe Barau ya naɗe wando har gwiwa ya shiga. Ya yi ta zagayawa yana dannawa da diddige, yana juyawa da gefen ƙafa, har ƙasar ta haɗe ta yi danƙo. In gini ya tashi a yaba wa magini. Ba a taɓa jin wanda ya tsaya gaban bango ya ce lallai wannan ƙasa ta sha taku ba.

Mahamadu ne sunansa na yanka. Uwarsa ta binne 'ya'ya kafin shi, shi ya sa aka kira shi Barau, da fatan a bar mata wannan, aka kuwa bar mata. Bai shiga lakol, wato makarantar boko, ba. Da ƙuruciya ya yi ci-rani a Babura da Kano, ya ga birni bai karɓe shi ba, ya dawo gida ya auri Zuwera, ya ci gaba da noma da damina, kwaɓa da rani. 'Ya'yansu mata sun yi aure a Bande, namijin yana can arewa yana neman abin kansa. Maginin da yake yi wa aiki tun suna samari shi ne Halilu, taubashinsa, mutumin da bai taɓa kiransa da sunansa ba in akwai wani sunan tsiya a kusa.

Sai da furfura ta fara fito masa sannan ya yi suna, kuma ƙafafunsa ne suka jawo masa. A 'yan shekarun nan mutane suka lura Barau ba ya jin ƙaya. Da bazara, lokacin da rairayi ke gasa ƙafar jaki, shi sai ya ratsa fili da tsakar rana babu takalmi, yana tafe a natse kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wata rana ƙusa ta shige masa a cikin kwaɓi, bai sani ba sai da Halilu ya ga ƙasar ta yi ja. Nan da nan gari ya samo bayani: ai kakarsa ta wajen uwa, Ya Kaka, Babarbariya ce, ita ta ba shi maganin ƙarfe tun yana goye. Barau bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana aikin da ba a yabo ba ya saurin ƙaryata yabon da ya zo masa har gida. Akwai ƙishirwa da ke damunsa, da yawan fita fitsari, da rama, amma waɗannan an san dalilinsu, aiki ne.

Wata ranar kasuwar Guci, bayan an kai amfanin gona gida, wasu mutanen froje, wato wani shirin kiwon lafiya na masu agaji, suka kafa rumfa suna huda yatsa suna auna jini kyauta. Barau ya je sayen igiya, ya ga layi, ya shiga. Aka ce sukarinsa ya yi yawa ƙwarai. Aka zaunar da shi a kan benci, aka ce ya rufe ido, za a riƙa taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zare mai ɗan ƙarfi, duk inda ya ji ya ce ya ji. Ya rufe ido ya zauna. Aka taɓa nan, aka taɓa can, bai ce uffan ba, sai ma ɗan murmushi da yake yi, don shi a ganinsa gwajin jarunta ne kuma ya ci. Ma'aikatan suka dubi juna. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya zo Magarya, an zaɓe shi.

A Magarya wani matashi mai suna Hamisu ya karɓe shi. Hamisu shi ne ma'aikacin froje mai kula da marasa lafiya na ƙauyuka, yaro ne mai ladabi, ya yi karatunsa a Damagaram, yana kuma son aikinsa da gaske. Ya bayyana wa Barau cewa ciwon sukari yakan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya daina jin zafi. In nauyin jiki ya yi ta danna wuri ɗaya mai shi bai sani ba, sai wurin ya fashe ya zama gyambo, gyambon mai sukari kuwa ba ya saurin warkewa, wani lokaci sai an yanke ƙafa. Sannan ya fito da takalmi baƙi, rufaffe, mai maɗauri. A cikinsa akwai shimfiɗa wadda ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Ya ce an yi ta da wani baƙin gari da ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba, ƙwayarsa ɗaya ido ba ya ganinta, masana na ce masa nano. In ƙafa ta danna garin, yadda lantarki ke bi ta cikinsa sai ya canja, wani ɗan abu a diddigen takalmin ya riƙe lissafin. In an kawo salula kusa, sai hoton tafin ƙafa ya fito: inda nauyi ya yi yawa ja, inda babu damuwa kore. Ta haka ake sanin inda gyambo zai fito tun kafin ya fito.

Duk wannan gaskiya ne, kuma abin yana aiki yadda aka faɗa. Barau dai bai riƙe da yawa daga cikin bayanin ba. Abin da ya riƙe shi ne gargaɗin ƙarshe, don shi Hamisu ya maimaita yana ɗaga yatsa. Takalmin aro ne, za a karɓa in an gama. Daga ƙasa mai nisa ya zo, babu mai gyaransa a nan. Kada ruwa ya taɓa shi, kada laka ta taɓa shi. Kuma a riƙa sa shi kullum.

Babu wanda ya tambaye shi sana'arsa. Dattijo ne daga ƙauye, saboda haka manomi ne. An kuma tsara aikin ya faɗo da rani, don a lokacin hanya na biyuwa kuma manoma na hutawa. Masu tsarin ba su yi kuskure a kan hanya ba.

Waɗanda suka ƙera takalmin, a can inda suke, mutum kan sa takalmi da safe ya cire da dare. A Rijiyar Alkasim ana cire shi a ƙofar masallaci. Ana cire shi a bakin zaure, da bakin tabarma, da wurin ta'aziyya. Ana cirewa in za a gaida surukai, ana cirewa in za a gitta ta gaban mai gari da dattawansa, a riƙe a hannu har sai an wuce. Mutumin da ya san ya kamata, kamar Barau, takalminsa ya fi daɗewa a hannunsa a kan a ƙafarsa. Wannan kuwa tun ba a zo maganar ramin kwaɓa ba.

Ya riƙe amana iya ƙarfinsa. Kullum da safe zai sa safa, ya sa takalmi, ya taka a hankali daga gida zuwa wurin aiki yana kauce wa kashin shanu. A bakin rami ya cire, ya kaɗe, ya zuba a wata jaka da Zuwera ta ɗinka masa da tsohon zane, ya rataya a reshen aduwa inda rana ba ta kaiwa. Sannan ya shiga laka da ƙafarsa tsirara ya wuni. Masallaci kuwa ya daina zuwa da shi tun ranar da ya idar da salla bai san ko raka'a nawa aka yi ba, hankalinsa na bakin ƙofa. Kayan mutane ba abin da za a bari a waje ba ne.

Halilu ya samu abin yi. Kowace safiya sai ya fara zuwa gindin aduwa ya rusuna ya gaida jakar, ya tambaye ta kwanan gajiya, ya tambaye ta ko inuwar ta yi mata, sannan ya juyo ya ce wa Barau, "Kai kuma bawan takalmi, shiga rami." Barau yakan ce masa baƙin ciki ne, don shi kaf zuriyarsu ba a taɓa ba wa wani ajiyar ko allura ba.

Da ranar komawa Magarya ta zo, ya je cikin rigarsa ta Juma'a. A ƙofar ofishin ya sunkuya zai kwance maɗauri, kamar yadda ya yi a kowace ƙofa tun yana yaro. Hamisu ya taso da sauri.

"A'a Baba, kada ka cire. Mu nan da takalmin ake shiga."

Barau ya shiga yana jin nauyin abin, kamar wanda ya taka tabarmar mutane. Hamisu ya kawo salula kusa da diddigensa, hoto ya fito, kore shar daga yatsu har diddige. Ya tambaye shi ko yana sa takalmin kullum, ya ce kullum, kuma bai yi ƙarya ba. Hamisu ya ga takun ba su da yawa, ya ji daɗi, don an ce wa marasa lafiya su rage wahalar da ƙafa, ga shi an samu wanda ya ji magana. Ya kira shugabar aikin, wata likita da ta zo daga babban birni, ta duba ta jinjina kai. Aka ɗauki hoton ƙafafun Barau a cikin takalmi.

Waɗanda hotonsu ya nuna ja, kamar wani mai kanti da ke wuni tsaye a kan siminti da takalmin a ƙafarsa, an yanka musu shimfiɗa mai taushi daidai ƙafarsu, an ce su riƙa zuwa kowane mako a duba su. Barau an ce ba ya cikin masu haɗari, ya je sai an kwana biyu. Ya dawo gida ya ba da labari a dandali: an auna ƙafafun mutane birjik, har da na alhazai, tasa ce ta fi. Babu wanda ya yi mamaki. Jikan Ya Kaka ne.

Ana cikin yaɓen gidan wani ɗan kasuwa, gab da shigar zafi, murfin gwangwanin tumatir mai tsatsa ya biyo ƙasar da aka kwaso. Ya yanke Barau a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama, daidai inda yake dannawa in zai juya laka. Bai ji ba. Ya gama wuninsa, ya ɗauraye ƙafa sama-sama, ya tafi gida. Zuwera ce ta ga jini a tabarma da safe. Ta ɗaga ƙafar, ta wanke da ruwan ɗumi da gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa. Ta ce ya je wajen majo a Guci, wato babbar ma'aikaciyar jinya ta can. Ya ce mata abin da manyan likitoci suka gani da na'ura ba sai an kai wa majo ba, ya tafi aiki.

Ciwon bai rufe ba. Ya fara ruwa, safa ta fara mannewa. Abin da ya tayar wa Barau hankali shi ne kada ruwan ciwon ya ratsa safa ya taɓa shimfiɗar nan, an ce kada ruwa ya taɓa ta. Ya yi tunani, ya samo dabara. Kafin ya sa safa sai ya zura ƙafar a baƙar leda ya ɗaure a idon sawu. A cikin zafin bazara, ƙafa mai gyambo, a cikin leda, a cikin safa, a cikin rufaffen takalmi, sannan a kwance ta a tsoma a laka mai kashin jaki har la'asar. Shimfiɗar kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Da komawa ta biyu ta matso, Zuwera ta sa shi a gaba. Ta ce in ya je ya cire takalmin nan ya nuna musu da idonsu, in bai yi ba kada ya dawo ya ce mata komai. Ya yi alkawari, kuma ya tafi da niyyar cikawa. Sai dai ranar an yi baƙi, manyan da ke ba froje kuɗi sun zo ganin aiki, an share ofis, an jera kujeru, marasa lafiya sun yi layi a baranda. Da aka kira shi ya sunkuya a bakin ƙofa, hannunsa har ya kai ga maɗauri. Hamisu ya riƙo kafaɗarsa cikin fara'a, ya ce wa baƙin da Faransanci wannan shi ne dattijon da aka ba su labari, sannan ya ce masa ya shigo haka nan, ai ya san dokar gidan.

Barau ya zauna. Ya jira har hoton ya fito, sannan ya sassauta murya, don ba a faɗar lalurar jiki da ƙarfi a gaban baƙi.

"Ɗana, akwai wani ɗan ciwo a ƙafar."

"Yana yi maka zafi, Baba?"

"Ko kaɗan."

Hamisu ya juyo masa da salular. "To ga ƙafarka nan. Ka ga ja a ciki? In da wani abu na tafe, nan za mu fara ganinsa tun kafin kai ka gani."

Barau ya duba. Babu ja. Baƙin suna murmushi suna kallonsa, na bayansa a layi yana gyaran murya. Mutumin da aka gabatar a matsayin abin misali ba zai kwance baƙar leda mai wari a gaban manya ba. Ya yi godiya ya tashi.

A gida ya ce wa Zuwera an duba, lafiya lau. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta tambaye shi ko yaron ya ga ƙafar. Ya ce ya gani a salula.

"Salular ta ji warin?"

Ya ɗauki buta ya fita.

Halilu ne ya hana shi shiga rami daga ƙarshe, ranar da ya ga ƙafar ta kumbura har ƙauri, yatsan ya yi baƙi. Ranar bai gaida jakar ba. Ya ce masa ya koma gida, aikin ya jira. Kafin a yi shawarar abin yi zazzaɓi ya kwantar da shi, yana rawar sanyi da rana tsaka. Aka shimfiɗa tabarma a amalanken jaki za a kai shi Guci. Yana cikin wannan hali ya ce a kawo takalmi, ba a zuwa wajen likita babu shi. Aka gwada, ƙafar ta ƙi shiga. Ya ce to a mayar a jaka a rataya a ɗaki, a rufe ƙofa saboda awaki.

Majon Guci, wata mace mai suna Yakura, ta kwance ledar da almakashi. Ta daɗe tana duban ƙafar. Ta tambayi wanda ke kula da shi, Barau ya ce mata, da sauran alfaharinsa, likitocin Magarya ne, kuma sun ce a duk waɗanda aka auna tasa ce ta fi lafiya. Ta wanke abin da zai wanku, ta yi masa allura, ta ce wa Halilu a nemi mota yau ɗin nan zuwa Damagaram, kada a kwana.

A Damagaram aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da ba maganar ƙafa ake yi ba. Halilu ya karɓi abin da aka yanke, ya naɗe a farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya binne yadda addini ya ce. Da ya dawo ya zauna a bakin gado ya ce wa Barau ya yi masa kashi ɗaya na jana'izarsa, saura in ya tashi mutuwa ya nemi wani, shi ya gaji. Barau ya yi dariya har ɗinkin ya motsa. Halilu ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Mutanen froje ba su ji labari ba. Sun dai ga bai zo ranar da aka sa masa ba, amma tunda ba ya cikin masu haɗari ba a ga dalilin bin sawunsa ba. Sai da aikin ya zo ƙarshe, aka ce a tattaro kaya, sannan aka tuna akwai takalmi ɗaya a Rijiyar Alkasim. Farar mota ta shigo ƙauyen da hantsi, bayan ruwan farko, ta tsaya a ƙofar gidan Barau. Wannan ne zuwansu na fari.

Hamisu ya yi sallama, ya cire takalminsa a bakin zaure kamar kowane ɗan mutunci, ya shiga. Barau na zaune a tabarma, ya jingina da bangon da shi ya taka ƙasarsa, sanda a gefensa. Hamisu ya durƙusa ya fara gaisuwa, ya kai tsakiya idonsa ya sauka a kan ƙafar wandon da aka naɗe aka soke da fil. Gaisuwar ta tsaya nan.

Barau ne ya ƙarasa masa ita. Ya tambaye shi hanya, ya tambayi shugabar aiki, ya ba da haƙurin rashin zuwansa, ya ce lalura ce ta gitta. Sannan ya kira Zuwera ta kawo ajiyar mutane. Ta kawo jakar ta ajiye a gaban Hamisu ba tare da ta gaishe shi ba. Ya buɗe. Takalmin na nan baƙi wuluk yana ƙyalli, ƙasansa ko goguwa bai yi ba. A cikin duk waɗanda aka tattaro daga ƙauyuka, wasu sun yage, wasu ɓera ya ci, wani ma an ce ɗan mai shi ya je bikin aure da shi har Maigatari, wannan kaɗai ya dawo kamar ranar da aka fitar da shi daga kwali.

"Duba da kyau, ɗana," in ji Barau. "In akwai inda ya lalace ka faɗa mini tun kana nan."

Hamisu ya tambaye shi yadda abin ya faru. Barau ya ba shi labarin gwangwani, da laka, da leda. Ya faɗi maganar ledar da ɗan jin daɗi, don har yanzu yana ganin dabara ce mai kyau. Hamisu ya ce laka kuma, wace laka, me ya kai shi cikin laka babu takalmi.

"Kai ka ce kada laka ta taɓa shi."

Hamisu ya ce, "Baba, wane aiki kake yi?"

Zuwera, da ke tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce madalla, yau an tambaya. Ta ce sau biyu mutumin nan ya sunkuya a ƙofarsu zai cire takalmi suka hana shi, shi da ko gidan maƙiyinsa ba ya shiga da takalmi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta matso ta janye bakin wandon hagu, ta ɗaga ƙafar mijinta ta ɗora a kan turmin da ke kife a wurin.

"Ga ɗaya ta rage. Ajiye salular. Dube ta da idon da Allah ya ba ka."

Hamisu ya ajiye salular da ke hannunsa. Ya riƙe ƙafar da hannu biyu, ya buɗa tsakanin yatsu, ya shafa tafin. A diddige ya samu faso mai zurfi wanda ya fara ja a gefe. Ya nuna wa Zuwera. Ya ce a riƙa wanke ƙafar kullum da yamma a tsane ta sosai, a duba ta ko'ina tun da sauran haske, a shafa mai a inda ya bushe, kada ya taka ƙasa babu takalmi ko a tsakar gida, kuma duk abin da aka gani, komai ƙanƙantarsa, a kai wa majo ranar. Maganar ba ta ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Babu abin da ke cikinta da ba za a iya faɗa a rumfar kasuwar Guci ba, ranar da aka taɓa shi da zare bai ji ba.

Barau ya saurara, sannan ya yi roƙo ɗaya. Ya ce tunda yanzu ƙafa ɗaya ce, kuma an ce kada ta taka ƙasa, ko za a bar masa na hagun. Hamisu ya fita ya kira ofis. Ya daɗe yana magana a gindin bango inda rezon waya ke kamawa. Ya dawo ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, amma an ce kayan a haɗe suka zo, a haɗe za su koma, waɗanda suka ba da su ba sa karɓar wari ɗaya. Barau ya ce haka ne, gaskiyarsu, aro ai aro ne.

Hamisu ya fita da jakar a ƙirjinsa. Direba ya ce a sa a baya, ya ce a'a, baya akwai jarkar mai, kuma hanya da gargada. Aka ɗora takalmin a kujerar gaba, aka rufe gilashi saboda ƙura, aka kunna sanyi. Halilu, da ke tsaye da laka har gwiwar hannu, ya bi motar da kallo har ta sha kwana, sannan ya ce wa na kusa da shi, shi dai ya san wanda aka kai Guci a amalanken jaki.

Barau na nan a Rijiyar Alkasim. Ba ya shiga rami. Yana zama a bakinsa a kan buhu yana mulmula tubali da hannu, aikin da a da yake cewa na masu ƙaramin ƙarfi ne. Wanda ke kwaɓa yanzu wani magidanci ne daga ƙauyen gaba, kuma Halilu na cewa ƙasarsa ba ta danƙo. Maganar maganin Ya Kaka an daina yin ta. A ƙafar hagu yana sa takalmin roba rufaffe da Zuwera ta sayo a kasuwar Dungas, mai kayan ya ƙi raba mata, na daman yana ƙarƙashin gado. Kullum kafin magariba takan fito da ruwan ɗumi, ta ɗora ƙafar a kan cinyarta ta juya ta wajen haske. Fason ya rufe. In za su gitta ta gaban mai gari, Barau yakan tsaya ya jingina da sanda zai sunkuya, sai ta ce masa ya bar shi a ƙafarsa, mai gari ya yi haƙuri.